TATTALIN WUTA A GIDA: RIBARSA GA LAFIYA DA ALJIHU

A wani taro da 'yan Arewa mazauna Agege ta Ikko suka yi a harabar wata makarantar Islamiyya bayan sallar La'asar, wani tsohon jami'in duba-gari, wanda ya yi shekaru yana koyar da ma'aikatan tsabta kafin ya yi ritaya, ya gabatar da jawabi a kan tattalin wuta da makamashi a cikin gida, da kuma abin da manufofin gwamnati a wannan fanni kan jawo ga lafiyar talaka da aljihunsa. Taron ya sami halartar dattawan unguwa, da masu gidajen haya, da 'yan kasuwa, da mata masu sayar da abinci. Ga abin da jawabin ya ƙunsa, domin amfanin sauran 'yan'uwa da ke zaune a Badun, da Fatakwal, da Anacha, da sauran biranen Kurmi.

Bayan ya yi sallama ya gaida iyayen taro, Malamin ya ce duk mutumin da ya baro Kano ko Sakkwato ko Katsina ya zo Kurmi neman abinci, ya san inda kuɗinsa ke tafiya a kowane wata, watau kuɗin haya, da na cefane, da wanda ake aikawa gida. Amma akwai wani kaso da ba a cika lissafa shi ba domin kaɗan-kaɗan yake fita, shi ne kuɗin gawayi, da kananzir, da gas, da lantarki, da man janareta. Ya ce idan magidanci ya tara wannan a ƙarshen wata zai sha mamaki. Bayansa kuma akwai kuɗin magani, wanda sau da yawa wutar nan da aka saya ce ta haife shi. Saboda haka, in ji shi, duk dokar da ta sa gida ya ci wuta kaɗan alhali abinci ya dahu, ɗaki ya yi haske, ana ganin sakamakonta a asibiti, ana kuma ganinsa a aljihu, muddin dokar ta iso ɗakin haya inda yawancin masu sauraronsa suke kwana.

HAYAƘIN DA KE CIKIN ƊAKI

Ya fara da maganar girki. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 3.2 ne suka mutu a duniya saboda cututtukan da gurɓatacciyar iskar cikin gida ke jawowa, daga cikinsu akwai yara fiye da 237,000 da ba su kai shekara 5 ba. Hayaƙin itace da gawayi da kananzir yana ɗauke da ƙura mai laushi ƙwarai, wadda hanci ba ya iya tarewa. Takan wuce har cikin huhu, daga nan ta shiga jini, ta jawo wa yara ciwon nimoniya, manya kuma tari mai naci, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Ya ja hankalin jama'a ga bambancin zaman gida da zaman Kurmi. A Arewa, ya ce, uwargida takan yi girki a tsakar gida, iska ta kwashe hayaƙi. A Ikko kuwa, inda iyali goma ko fiye kan zauna a gida guda mai ɗakuna suna fuskantar juna, murhu a cikin lungun da ke tsakanin ɗakunan ake ajiye shi, idan ruwan sama ya sauko kuma a ja shi cikin ɗaki, ga jariri goye a baya, ga wani a kwance kan tabarma. Hayaƙin da ba ya cutar da kowa sosai a fili, shi ne yake zama guba a ɗaki mai taga ɗaya.

Ya ce mafi haɗari ita ce wata iska da gawayi da janareta ke fitarwa, wadda ba ta da wari kuma ba ta da launi. Jinin mutum ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Wanda ya shaƙe ta yakan ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa ake wayar gari a ji iyali guda sun rasu a ɗaki, janareta na aiki a bakin ƙofa, har wasu su ce aikin aljanu ne ko sammu.

Daga nan sai ya nuna yadda farashi ke tura mutane cikin hayaƙi. Ya ce abin da kowa ya sani shi ne tun ƙarancin kananzir na shekarun 1990 aka san murhun nan na gawayi da ake kira Abacha. A watan Janairu na 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, kafin shekarar 2023 lita ta haura naira 1,000. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin fetur, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Duk lokacin da haka ta faru, matar da ta saba da risho ko tukunyar gas takan koma wa gawayi da itace. Don haka farashin makamashi maganar lafiya ce, ko da yake ba a Ma'aikatar Lafiya ake yanka shi ba.

ABIN DA GANA TA YI

Malamin ya ce ba sai an tafi Turai ba kafin a ga misali, ga maƙwabciya Gana, inda da yawa daga cikin masu sauraro suke da dangi a zangunan Kumasi da Ankara. A tsakanin 2006 da 2007 ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, wutar lantarki ta yi ƙaranci a ƙasar. A shekarar 2007 gwamnatin Gana ta sayo ƙwan fitila marasa cin wuta guda miliyan 6, ta raba wa gidaje kyauta, tana karɓe tsofaffin masu zafi. Wutar da ƙasar ke ja a lokacin da buƙata ta fi yawa ta ragu da megawat 124. Domin jama'a su gane girman wannan, ya ce madatsar Kainji an gina ta da ƙarfin megawat 760 ne, watau Gana ta sami kusan kashi ɗaya cikin shida na Kainji ba tare da ta aza tubali ko ɗaya ba.

Ba a nan ta tsaya ba. A 2008 ta kafa dokar hana shigowa da tsohon ƙwan fitila mai zafi da kuma firiji na hannu, aka fara tsananta hana firijin a tashar jiragen ruwa daga 2013. A 2012 kuma ta buɗe wani shiri wanda mutum zai kawo tsohon firijinsa a yi masa rangwame a kan sabo. Aka kuma tilasta wa 'yan kasuwa manna takarda mai taurari a jikin kaya, yawan taurarin ne ke nuna ƙarancin wutar da abin ke ci, yadda ko wanda bai yi boko ba zai iya ƙirgawa ya zaɓa. Hukumar makamashi ta ƙasar ta gano cewa tsohon firiji yakan ci wuta kimanin yunit 1,200 a shekara, sabo mai taurari kuwa ba ya cin rabin haka.

Ya ce darasin a bayyane yake. Talaka ya san sabon kaya ya fi, abin da ya hana shi saye kuɗin farko ne. Gwamnatin Gana ta ɗauke masa wannan nauyi, sa'an nan ta tare mugun kaya a bakin teku tun kafin ya shigo kasuwa.

LISSAFIN ƘWAN FITILA GUDA

Domin kada a ce maganar ta manyan gwamnati ce kawai, sai ya yi lissafi a gaban jama'a. Tsohon ƙwai mai wat 60, kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama, abin da ya rage ne haske. Sabon ƙwai irin na zamani mai wat 9 yana ba da haske daidai da shi. Idan aka kunna kowanne awa 6 a dare har wata guda, na farko zai ci yunit 10.8, na biyu kuwa bai wuce 1.6 da 'yan kai ba. A watan Afrilu na 2024 aka yanka wa unguwannin rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. A wannan farashi tsohon ƙwai zai ci naira 2,430 a wata, sabo kuwa naira 365. Bambancin ya haura naira 2,000 a kan ƙwai ɗaya tak. Shi kuwa tsohon firijin da ake kira tokunbo, a wannan farashi zai iya cin naira 22,500 a wata. Ya ce araha ba ta ado, wanda ya sayi tokunbo yana murna ya yi ciniki, kowane wata yana biyan ragowar kuɗin ba tare da ya sani ba.

SHAIDAR LIKITOCI

A kan ko gyaran gida yana rage cuta da gaske, Malamin ya kawo misalin ƙasar Niyu Zilan, can gabas da Ostareliya, inda matsalarsu sanyi ne da danshi. Masana sun ɗauki gidaje 1,350 na masu ƙaramin ƙarfi, suka lulluɓe silin da ƙarƙashin daɓen wasu da abin da ke tare sanyi, suka jinkirta wa sauran domin a gwada. Sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna cewa a gidajen da aka gyara, wutar da ake ci ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, shessheƙar numfashi ta ragu, fashin makaranta ga yara da fashin aiki ga manya duk suka ragu. A 2009 gwamnatin ƙasar ta mayar da abin babban shiri, tana biya wa masu gidaje wani kaso na kuɗin gyaran. Da aka zo aka yi lissafi, sai aka tarar kowace dala ɗaya da aka kashe ta dawo da amfanin kusan dala 4, kuma kusan dukkan ribar daga ɓangaren lafiya ta fito, watau ƙarancin kwanciya asibiti, da sayen magani, da mutuwar tsofaffi masu ciwon zuciya.

Ya ce abin da ya fi shafar masu sauraronsa shi ne matakin da ya biyo baya. Gwamnatin ta lura masu gidajen haya ba su damu da gyaran ba, tun da ba su ne ke kwana cikin sanyin ba. Saboda haka daga 1 ga Yuli, 2019 doka ta wajabta wa duk mai ba da hayar gida ya yi wannan gyara. Su sanyi ke damunsu, mu zafi, in ji shi, amma ciwon iri ɗaya ne: mai gida yana da ikon gyara ba ya jin wahalar, ɗan haya yana jin wahalar ba shi da ikon gyara.

BA KOWANE SHIRI KE YIN NASARA BA

Malamin ya gargaɗi jama'a kada su ɗauka duk abin da aka kira murhun zamani magani ne. A ƙasar Malawi, tsakanin 2013 da 2016, an gwada wani murhun itace mai ƙarancin hayaƙi a gidajen yara fiye da 10,000. Ƙunar wuta ta ragu ga yaran, amma ciwon nimoniya bai ragu ba, domin murhun yakan lalace a koma wa na duwatsu uku, ga kuma hayaƙin bola da na maƙwabta. A Badun kuwa, likitoci sun raba wa wasu mata masu juna biyu murhu mai aiki da man itanol, wanda ake tatsowa daga rake ko rogo, suka gwada su da masu amfani da kananzir da itace. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna hawan jini ya fi sauƙi ga masu sabon murhun. Abin da ya fahimta daga waɗannan biyu, in ji shi, shi ne lafiya ba ta samuwa sai hayaƙin ya ragu ƙwarai, kuma sai matar gida ta iya sayen man da murhun ke ci kowace rana, ta kuma sami mai gyara kusa da ita.

Ya tuna wa jama'a cewa a watan Nuwamba na 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 domin sayen murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya sarƙe cikin gardamar kwangila, bai kai ga cika burinsa ba. Ya ce kyautar da za a raba rana ɗaya a gaban 'yan jarida ba ta kai dokar da za ta gyara kasuwa amfani ba, domin kyauta takan ƙare, kasuwa kuwa kullum tana ci.

ƊAN HAYA DA MAI GIDA

Ya ce Nijeriya ba ta rasa manufofi a rubuce ba. A 2015 aka amince da manufar ƙasa ta tattalin makamashi, a 2017 aka ƙaddamar da ƙa'idar gine-gine marasa cin wuta, wadda ta yi magana a kan girman tagogi, da inuwa, da tare zafin rufi, a 2024 kuma aka amince da manufar girki mai tsabta. Tambayar ita ce nawa daga ciki ya iso Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun.

Abu biyu ya ambata da ke tare hanya. Na farko mita. A gidan haya da yawa mita ɗaya ce ga kowa, wani gidan ma babu ita, sai dai a kawo takardar kuɗi ta ƙiyasi a raba bisa yawan ɗakuna. A irin wannan gida wanda ya sayi ƙwai mai tsada domin tattali bai rage ko kwabo ba, maƙwabcinsa mai dutsen guga da abin dafa ruwa shi ya ci ribar. Ko da yake an fara shirin raba mita a 2020, muddin ɗaki ba shi da abin da zai auna nasa cin, wa'azin tattali ba zai shiga kunne ba.

Na biyu rufi. Ya ce kakanninmu sun yi soro da katanga mai kauri da rufin azara, ɗaki ya yi sanyi da rana. A Kurmi kuwa ɗan haya yana kwana ƙarƙashin kwano tsirara, babu silin, zafin yini ya sauko masa da dare. Daga nan sai fanka, idan an ɗauke wuta sai janareta, don tsoron ɓarawo kuma a shigo da janaretan cikin lungu. Ta haka rashin silin kan kai mutum ga kushewa. Wanda kuma bai yi barci ba saboda zafi, gobe ba zai iya dako ko tuƙi ko tsaron shago yadda ya kamata ba. Sanya silin, da shafa wa kwano farin fenti domin ya mayar da zafin rana, da buɗe taga ta biyu domin iska ta ratsa, ba aiki ne mai tsada ba idan aka gwada shi da kuɗin hayar shekara.

KIRA GA GWAMNATI DA JAMA'A

Malamin ya roƙi wakilan jama'a a majalisun jihohi da ta tarayya su matsa a kan abu huɗu. A tare kayan lantarki masu cin wuta a tashar Apapa kamar yadda Gana ta yi, tare da manna alamar da kowa zai gane. A sa dokar gidajen haya ta haɗa da silin, da taga, da wurin girki mai mafitar hayaƙi. A sauƙaƙa wa kowane ɗan haya samun mitarsa. A kuma tallafa wa mata a kan kuɗin farko na tukunyar gas ko ingantaccen murhu, ta hanyar biya kaɗan-kaɗan. Ya ce maƙeran da ke cikin jama'ar nan za su iya ƙera murhun gawayi mai cikin yumɓu, irin wanda aka fara yaɗawa a Kenya tun shekarun 1980, wanda ke riƙe zafi ya rage cin gawayi, ta haka kuɗin zai tsaya a unguwa, itatuwan da ake sarewa a Oyo da Kwara da Neja su sami sa'ida.

Ga jama'a kuma ya ce kada a jira gwamnati a kan abin da hannu zai iya. Kada a kwana da gawayi mai ci a ɗaki, kada a kunna janareta a lungu ko kusa da taga, kada a goya yaro a gaban murhu idan akwai mai riƙe shi. Ya shawarci mata su yi adashi na musamman domin sayen tukunyar gas, maza kuma su haɗu gida-gida su canza ƙwan fitila gaba ɗaya, yadda takardar kuɗin kowa za ta sauko tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo mai gidajen haya ya miƙe ya ce, Malam, idan ya kashe kuɗi ya sa silin, ai dole ya ƙara kuɗin haya, to ina ribar talaka? Malamin ya amsa da cewa, ranka ya daɗe Alhaji, tambayar tana kan hanya, shi ya sa a Niyu Zilan gwamnati ta fara da ɗaukar wani kaso na kuɗin gyaran shekaru kafin ta kafa dokar tilas, kuma haka ya kamata a nema a nan, tare da sharaɗin kada a ƙara haya har wani lokaci. Ya ƙara da cewa ɗan hayar da ba ya jinya shi ne mai biyan haya a kan kari.

Wata Hajiya mai sayar da tuwo ta ce ita tsoron gas take ji, domin ta sha jin labarin fashewarsa. Malamin ya ce mata, Hajiya, tsoron yana da dalili, amma yawancin haɗarin daga tsohuwar tukunya ne, da tiyo mai yoyo, da ɗurawa a wurin da ba shi da izini. Ya koya wa matan yadda ake shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, idan ya yi kumfa akwai yoyo, da kuma cewa idan an ji warin gas a buɗe ƙofa da taga, kada a kyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki.

Daga ƙarshe dattawan unguwa suka amince za a zaɓi mutum biyu daga kowane layi su zaga gidaje su duba inda ake ajiye janareta da murhu kafin damina ta kankama. Limamin unguwa ya rufe taro da addu'ar Allah ya ba da lafiya da zaman lafiya, ya kuma mai da kowa gida da alheri.